Kuku da Dankalin da Ya Hana Innarsa

Yana aji uku a firamare aka rufe masaƙar da babansa yake aiki. Wata biyu baban ya yi yana fita da safe da takardunsa a leda, yana dawowa da yamma da su kamar yadda ya fita, sannan ya ce zai leƙa wani gari da aka ce ana ɗaukar ma'aikata. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Aka bar Inna da yara uku, shi ne babba sai ƙannensa mata biyu, a ɗaki guda bayan tashar jirgin ƙasa. In jirgin kaya ya wuce, kwanukan da ke kan kanta sai su yi ta karo da juna, Inna ta ce ga su nan sun fara gulmar maƙwabta.

Wankau take yi wa mutane, amma wankau ba ya ciyar da baki huɗu. Tsakanin bangon ɗakin da wayar da ta kewaye layin dogo akwai wata 'yar siririyar ƙasa da ba ta kowa ba, faɗinta bai fi tabarma biyu ba, tsawonta kuwa har bakin kwata. Inna ta aro fartanya ta ja kunya a wurin, ta roƙo yaɗon dankali wajen wata mai sayar da ganye ta dasa, tana ba shi ruwan ɗauraya. Dankalin ya karɓi wurin kamar dama jira yake. Kusan shekara biyu shi ne karin kumallo, shi ne na rana, shi ne na yamma.

Kuma ba dafawa take ta zube musu haka nan ba. Yau ta gasa shi a garwashi ta marmasa da albasa da barkono, gobe ta haɗa shi da wake, jibi ganyensa ne zai zama miya shi kuma ya zama abin ci da ita. Ran da aiki ya yi kyau sai a ga ɗan busasshen kifi a ciki, wanda ake farautarsa da yatsa. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, sukari. Takan ce dankali da zaƙinsa ya zo duniya, abin da yake nema shi ne wanda zai yi faɗa da shi, yaji ko tsami.

Ƙannen nasa ci suke suna lasar hannu. Shi kuwa makaranta ce ta ɓata masa. A cikin gwangwanin madara yake kai nasa, yaran da ke zuwa da burodi suka gane, suka sa masa suna Dankali. Sunan ya bi shi har malamai suka ɗauka na gida ne. Duk wanda ya saki iska a aji, sai a juyo gaba ɗaya a dube shi, ko da ranar bai ci komai ba. Ya koma yana ci a bayan aji, daga baya ya koma zubarwa a kwata yana yini da yunwa. Tun a lokacin ya ƙulla a ransa cewa in ya girma ya samu gidan kansa, dankali ko a mafarki ba zai taka ƙofarsa ba.

Yana da shekara sha shida ya samu aikin wanke tukwane a wani babban otal. Hannunsa da sauri, hancinsa kuma ya fi hannun. Daga tukwane ya koma yankan albasa, daga albasa ya koma kan miya, daga miya ya koma kan gashi. Kafin ya cika talatin da biyar ya zama shugaban masu girki, da doguwar farar hula da mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinsa. Tun daga nan kowa Kuku yake ce masa, har surukansa. Ya auri wata malamar firamare, wadda shi ma Malama yake ce mata kamar ɗalibanta, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka kama gida mai ɗaki uku a hawa na biyu na wani bene. Ƙannensa suka yi aure, kowacce ta bi mijinta wani gari. Ranar da ya ɗauko Inna daga bayan tasha ya kawo ta benen nan, yakan ce ita ce ranar da ya fi kowace jin shi namiji ne.

Dokar dankali tun makon farko na aure ya kafa ta. Malama ta ɗauka wasa ne, ta sayo wata rana ta ajiye a kwando ƙarƙashin teburin kicin. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kwandon ya sauka da shi ya ba mai gadi, ya hawo ya wanke hannu da sabulu. Ta tambaye shi ko dankali ya taɓa kashe wani a danginsu, ya ce saura kaɗan. Ba ta ƙara sayowa a gabansa ba.

Litinin ce ranar hutunsa, kuma ranar Inna ce. Tun safe zai je kasuwa da kansa ya zaɓo nama mai kitse, kaji, man shanu, kirim, ya hana kowa shiga kicin. Ya soya wannan, ya gasa wancan, ya kwarara miya mai maiƙo a kai, ya jera a faranti mai bakin zinariya kamar yadda ake kai wa manyan baƙi. Sai ya ajiye mata a gaba ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya. Inna takan ci ta sa albarka. Babana take ce masa, don sunan mahaifinta ne da shi. Ba ta taɓa kushe girkinsa ba, sai dai wani lokaci ta ture farantin da sauran rabi ta ce cikin tsufa ƙarami ne.

Sau biyu ko uku a shekara takan ce tana marmarin dankali.

"Inna, wancan zamanin ya wuce," yakan ce. "Kin ci na duk rayuwarki. Yanzu ki bari in rama miki."

"Ai ba duka aka yi mini ba, Babana, da za a rama. Abinci ne."

Sai ya yi dariya ya ƙara mata tsokar nama.

Wata damina ya ga wani tsiro a tsohon bokitin fenti a baranda, ganyensa kore shar, mai siffar zuciya, yana bin ƙarfen baranda yana sauka. Rabonsa da kallon ganyen nan da idon basira ya fi shekara talatin, kuma a bokiti a saman bene bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗauka fure ne Malama ta samo. Har ruwa yake ba shi in zai fita aiki, har ya nuna wa wani abokinsa yana yaba kyansa. Yaran gidan suna toshe baki, Inna tana kallon rufi. Ƙaramar 'yar ce ta kasa riƙewa ta fashe da dariya wata safiya ta ce Baba yana shayar da maƙiyinsa.

Da zai yi dariya tare da su, da abin ya ƙare a nan. Amma sai ya ji kamar an juyo gaba ɗaya ana dubansa. Ya ce tsiron yana tara sauro, ya ɗauki bokitin ya kai shara. Da ya hawo, Inna tana tsaye a baranda tana share ƙasar da ta zube da tsintsiya.

Shekarar da ta biyo baya jiri ya fara ɗibarta in ta miƙe. Suka kai ta asibiti, Likita ya auna ya sake aunawa, ya ce hawan jini ne kuma ya yi sama ƙwarai. Ya rubuta magani, sannan ya tambayi abin da take ci. Kuku ya gyara zama ya lissafa da alfahari. Likitan ya ajiye biro ya ce a rage gishiri sosai, a rage mai da kitse da soye-soye, a yawaita ganye da wake da kifi, ya ce ko dankali in an dafa ko an gasa ba laifi. Inna ta saci kallon ɗanta. A mota Kuku ya yi ta mita cewa yaron da bai iya soya ƙwai ba ne zai koya masa ciyar da uwarsa.

Ya bi maganar mako biyu. Amma farantin da babu maiƙo a kansa, a idonsa, farantin bayan tasha ne. A hankali man shanu ya dawo, gishiri ya dawo, yana cewa ai ga magani tana sha. Malama ta yi magana har ta gaji. Daga baya ta koma sayo dankali biyu-uku a hanyarta ta dawowa daga makaranta, ta dafa wa surukarta da rana, ta buɗe tagogi, ta ƙulle ɓawon a leda ta kai shara da kanta. Mutumin da ke gane miyar da ta kama daga ƙofar otal ba zai kasa jin wannan ba. Yana ji. Yakan shigo ya shaƙi iska, ya ɗaure fuska, ya wuce ɗaki. Bai hana ba, bai kuma taɓa cewa a zubo masa ko ya zauna kusa da su ba.

Ana haka aka kawo sabuwar manaja otal ɗin, mace ce matashiya mai saurin tafiya, wadda ba ta tsoron doguwar hula. Da liyafar ƙarshen shekara ta matso, wadda otal ke shirya wa manyan abokan hulɗarsa da rana tsaka a ranar hutu, ta kira shi ofis ta ce baƙi sun gaji da abinci mai nauyi. Rabinsu likita ya hana su gishiri, sauran rabin matansu sun hana su mai. Tana son abu ɗaya a tsakiyar tebur wanda mutum zai ci ya ƙoshi ya tashi ba tare da an ɗaga shi ba, kuma ta yanke shawara dankali ne. Kuku ya ce dankali ba abincin otal ba ne. Ta ce daga bana ya zama.

Kwana uku yana gwadawa. Ya daka shi da man shanu da kirim, ta ce wannan ai barci zai sa mutane. Ya gasa shi da zuma, ta ce ba kek ta ce ya yi ba. A na uku ta ajiye cokali ta ce masa:

"Kuku, ba gwaninta nake nema ba. Ina son mai yaji-yaji, mai ɗan tsami, irin wanda uwar wani za ta yi a gida. Kai ba ka da uwa ne?"

Da wasa ta faɗa, ta wuce abinta. Ya san abincin da take nufi sarai, yana jin sa a harshensa kamar jiya ya ci. Sai dai harshe ne ya riƙe, hannu bai riƙe ba, don duk shekarun da Inna take girka shi, shi bayansa yake juya wa murhun. Ya gwada daga tunani sau biyu, abin ya fito kusa amma ba shi ba.

Da ya koma gida ya ja Malama kicin ya ce ta tambayi Inna yadda take haɗa dankali da wake, amma ta yi kamar ita ce take son koya. Malama ta dube shi sama da ƙasa ta ce daga inda yake tsaye zuwa ɗakin Inna taku bakwai ne, ta ƙirga. Ya ce shi dai ta taimaka. Ta tafi tana girgiza kai. Ba a yi minti biyu ba ta dawo ta ce Inna ta gane tun kafin ta rufe baki, ta ce ya zo da kansa ta nuna masa, abin hannu ne ba na baki ba. Kuku ya ce ya gaji, gobe da sassafe zai fita. Ƙarshe dai Malama ce ta zauna a bakin gado da littafin rubutun ɗalibai, Inna tana faɗa tana rubutawa.

Ya karanta takardar a motar haya. Kada a fere dankalin, a wanke shi tas a yanka manya-manya da ɓawonsa, a gasa har gefensa ya fara baƙi. Albasa mai yawa a cokali ɗaya na mai, wuta ƙasa-ƙasa, kada a yi mata gaggawa sai ta yi ja ta yi laushi. Wake a dafa shi dabam, a sauke kafin ya fashe. Gyaɗa soyayya a daka ta da citta da tafarnuwa da barkono, ba lukwi ba, yadda haƙori zai same ta. Ganye a ƙarshe, ya ji zafi kawai. Gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka. Lemun tsami kuwa sai an sauke tukunya, in aka matsa shi a kan wuta ya mutu. Nan ne ya gane kuskurensa, ferewa yake yi, kuma a kan wuta yake matsa lemun. A ƙasan takardar Malama ta rubuta da jan biro, irin wanda take gyaran jarrabawa da shi: Ta ce ka kawo mata ta ɗanɗana.

Manaja ta cinye farantin gwaji tas, har ta bi gefensa da yatsa. Aka sa shi a takardar jerin abinci da wani dogon suna da ko Kuku sai da ya yi tuntuɓe kafin ya iya faɗa. Ranar liyafa aka yi tire takwas manya. Kafin a fitar da na farko ya ɗebi kwano guda, ya zaɓi yankan da suka fi gasuwa, ya rufe ya ajiye a saman kanta ya ce kada wanda ya taɓa.

Mutum wajen ɗari biyu suka zo. Naman da ya kwana biyu yana jiƙawa a kayan ƙamshi ya yi kwantai, dankali kuwa kafin a kai rabin liyafa ya ƙare. Manaja ta shigo kicin da sauri ta ce matar wani babban baƙo tana neman ƙari, ko akwai saura ko cokali biyu ne. Idonta ya sauka a kan kwanon. Kuku ya miƙa hannu ya sauko da shi ya juye a faranti mai kyau. A ransa ya ce ai dankali ne, ba ƙarewa zai yi a kasuwa ba.

Daga baya aka kira shi zauren, aka tafa masa. Matar nan ta tambaye shi a gaban mutane inda ya koyi wannan haɗin. Ya ga fararen riguna da agoguna da idanu sun juyo gaba ɗaya. Ya yi murmushi ya ce gwaje-gwaje ne irin na aiki, mutum in ya daɗe a kicin yakan ƙirƙiro abubuwa. Aka sake tafawa.

Da la'asar ya koma gida da leda biyu, gasasshen nama da kek. Inna tana zaune a falo, ta yi wanka ta sa sabon mayafi kamar mai jiran baƙo. Ta buɗe ledar farko, ta buɗe ta biyu.

"Ina nawa, Babana?"

"Ya ƙare, Inna. Wawa aka yi a kansa. Ran Litinin zan yi miki naki na musamman."

"Sun ci dai?"

"Har suna neman ƙari."

Fuskarta ta washe. Ta tambaya ko ya bar ɓawon, ya ce ya bari. Ta ce to madalla, Allah ya kai mu Litinin ɗin. Bai gaya mata an tambaye shi inda ya koya ba.

Ranar Asabar da safe Malama ta ji ƙarar faɗuwar bokiti a banɗaki. Kafin a kai Inna asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Ta yi mako biyar a gadon asibiti, sannan aka sallamo ta gida, ta ƙara wata shida a duniya.

A watannin nan Kuku ya dafa dankali fiye da yadda ya dafa komai a rayuwarsa. Haɗiya tana yi mata wuya, don haka sai ya gasa, ya cire ɓawon da ta ce a bari, ya daka, ya tace, ya sassauta da ruwan wake har ya zama kamar kunun jarirai, gyaɗar ma sai an niƙa ta lukwi. Ya san ba shi ne abincin ba, inuwarsa ce. Yakan zauna a bakin gado, ya tallafo kanta, ya ba ta da ƙaramin cokali, ya goge gefen bakin da ke zuba. Kowane lokaci sai ya tambaya ko ya yi, ko lemun ya isa. Takan dube shi. Wani lokaci hawaye ya gangaro daga idon dama, amma nas ta riga ta gaya musu idon yakan yi haka da kansa. Wata rana ya gaya mata abin da ya ce a zauren liyafa, ya roƙe ta gafara. Ta motsa hannun hagu ta kama yatsansa. Ko yafewa ce, ko so take ya gyara mata matashi, bai sani ba, kuma har yau bai sani ba.

Ya taɓa tare Likita a baranda ya tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, ko girkinsa ne ya jawo. Likitan ya ce ga shekaru, ga gado, ga abubuwa da yawa, ba wanda zai iya ware ɗaya ya ce shi ne. Kuku ya so a ce masa e ko a'a. Da e ne, da ya san girman abin da zai ɗauka. Da a'a ne, da ya ajiye.

A makonni biyar na asibiti ya ga wani abu da bai bar shi ba. Kullum da rana ana turo keken abinci ɗakin majinyata, ana ajiye wa masu hawan jini da masu ciwon zuciya farar shinkafa da wani ruwa-ruwa da ba gishiri ba ɗanɗano. Bayan awa guda keken ya dawo ya kwashe kwanukan kusan yadda aka kawo su. Wani tsoho a ɗakin maza ya ce masa ciwon bai kashe shi ba, amma miyar nan ta ɗau alwashi.

Wata uku bayan rasuwar Inna ya ajiye aikin otal. Manaja ta yi ta lallashi, abokan aiki suka ce baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Ya nemi aiki a kicin ɗin asibitin, inda tukwanen suka lotsa, tanderu ɗaya ne ke aiki, hular ma 'yar guntuwa ce ta leda. Malama kaɗai ce ba ta tambaye shi dalili ba, ta dai ce ya sayi takalmi mai taushi don daɓen can siminti ne.

Shekararsa goma sha ɗaya ke nan a can. Talata da Juma'a ranakun dankali ne. Waɗanda ba sa iya tauna yana yi musu miyarsa da karas da citta. Masu ɗan ƙarfi yana gasa musu shi da ƙwai da alayyafo a tire, ko ya turara shi da kifi da tumatir da tattasai. Ma'aikaciyar da ke tsara abincin majinyata ita ke faɗa masa wa zai ci wa ba zai ci ba, da kuma gwargwado, yana bin maganarta ba musu, abin da masu saninsa a otal ba za su yarda ba in an gaya musu. A ranakun hutu, sa'ad da duk mai dangi an zo an ɗauke shi ko an kawo masa kwanuka daga gida, sai a bar waɗanda ba mai zuwa wajensu. A ranakun nan ne yake yin na wake da gyaɗa, cikakke da ɓawonsa, ya tura keken da kansa. Duk wanda ya yaba, ko bai tambaya ba, sai Kuku ya tsaya ya gaya masa girkin mahaifiyarsa ne, ita ta ƙirƙiro shi. Nas-nas sun haddace zancen, in ya fara sukan ƙarasa masa.

Bara, a hutun ƙarshen shekara, ƙannensa biyu suka zo da 'ya'yansu da jikoki, gidan ya cika har baranda. Su ma yanzu furfura ta kama su, ɗaya da sandar dogarawa. Tun rasuwar Inna ba su taɓa haɗuwa su uku a kan abinci ɗaya ba. Kuku ya shiga kicin tun hantsi, ya yi musu tire guda, ya kawo ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ya zuba musu ido, don a duniya, ban da shi, su biyun nan ne kaɗai suka rage da suka ci na asalin.

Babbar ta ɗiba ta tauna a hankali, ido rufe. Ta ce ya yi daɗi, Yaya, amma na Inna bai kai haka tsami ba, lemun ya yi yawa. Ƙaramar ta ce ina, ai na Inna har ido yake sa mutum ya runtse, wannan lemun bai ma isa ba, abin da ya yi yawa citta ce. Babbar ta ce Inna ba ta taɓa sa citta ba sai in wani yana mura. Ƙaramar ta ce ke da kullum kina waje wajen wasa me kika sani. Malama ta tashi ta ɗauko takardar nan, wadda ta yi laushi ta yage a lanƙwasa, ta karanta musu. Suka haɗu suka ce ai wannan Inna ta faɗa ne da tsufa, lokacin ta fara mantuwa, kuma a bayan tasha ina aka ga tafarnuwa.

Suka yi ta yi, suna musu suna ɗiba, jikoki suna dariya, har tiren ya koma ƙasa. Aka juyo gare shi ya raba gardama, tunda shi ne babba kuma shi ne kuku. Ya buɗe baki, sai ya tuna yawancin nasa a kwata ya ƙare. Ya ce musu bai sani ba.

Babbar 'yarsa ta tambaya ko a ajiye masa sauran. Ya ce a'a, a miƙo. Ya jawo tiren gabansa, ya kankare abin da ya kama a gefe da cokali, ya ci a zaune a cikinsu, ƙannen nasa kuwa sun riga sun koma musu a kan ko ɗakin nasu na da taga ɗaya ce ko biyu.